Ƙaryar da Na Yi Don In Kare Gaskiya

Malamin makaranta yana da wata cuta da ba a aunawa a likita. Shekara da shekaru yana tsaye gaban allo, yara suna rubuta duk abin da ya fito daga bakinsa, har ya kai ga ɗauka cewa muddin ya faɗi abu da kakkausar murya to abin ya tabbata. Ni kam cutar ta ci jikina. Ilimin halittu nake koyarwa a wata makarantar sakandare a Yamai, kuma a unguwarmu ko akuya ce ta ƙi cin dusa sai a ce a tambayi Mushe, wato ni. Ni kuwa ba a taɓa tambayata na tashi babu amsa ba. Abin da zan ba da labari a nan shi ne yadda wannan halin ya kai ni na yi wa mutanen da suka yarda da ni ƙarya, ina cikin yi ina ganin lada nake tarawa.

Kowa ya tuna yadda garin yake a lokacin. Korona ta shigo Nijar a watan Maris na 2020, aka kafa dokar hana yawon dare, aka hana sallar jam'i, har ta kai matasa sun fito sun ƙona tayoyi a wasu unguwanni irin su Lazare a watan Afrilu. Ke nan tun kafin a ga kwalbar allura ko ɗaya, zukata sun riga sun yi tsami. A ƙarshen Maris na 2021 aka fara yin allurar Sinopharm, guda 400,000 da ƙasar Sin ta bayar kyauta. A tsakiyar Afrilu, daidai kamawar azumi, ta AstraZeneca ƙirar Indiya ta sauka ta hanyar shirin COVAX. Wayoyi suka cika da saƙonnin murya. Wannan ya ce allurar tana hana haihuwa, wancan ya ce bayan shekara biyu duk wanda aka yi wa zai mutu, wani kuma ya ce tana shiga cikin ƙwayoyin halittar mutum ta canza masa asali.

Ba na ce tsoron ya taso daga banza ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara kimanin 200, guda 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har zuwa sulhun 2009 da gwamnatin jihar. A 2003 Kano ta dakatar da ɗigon shan-inna saboda zargi, labarin kuma ya tsallako iyaka ya zauna daram a Maraɗi da Damagaram da nan Yamai. Wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya zabura. Duk na san wannan tarihin. Amma a raina na tattara masu tsoron gaba ɗaya na zuba su a kwando guda, na rubuta masa jahilci, na naɗa kaina mai yi musu magani.

Muna da fada a ƙofar shagon wani tela, inda muke haɗuwa bayan asham. A wani dare cikin azumin nan, an sauke shayi na farko ana jiran na biyu, Tela ya ɗago kai daga kan kekensa ya ce, "Mushe, tsakaninka da Allah. An ce wannan sabuwar allurar ba irin ta da ba ce. An ce akwai wani saƙo a cikinta da ke shiga cikin ƙwayar halittar mutum ya ba ta umarni. Haka ne?"

Na yi dariya irin wadda nake yi wa ɗalibin da ya ce rana ce ke zagaya duniya. Na gyara zama na ce, "Ku saurara da kyau, don kada in sake maimaitawa. Rigakafi duk iri ɗaya ne tun zamanin Pasteur. A samo ƙwayar cuta, a kashe ta, a nuna wa jiki gawarta don ya gane ta in ya gamu da mai rai. Shi ke nan. Babu wani saƙo, babu sinadarin gado, babu abin da ke shiga cikin ƙwayar halittar kowa. Duk wanda ya gaya muku akasin haka bai taɓa zama a aji ba." Sai na ɗora da abin da har yau in na tuna nake jin kunya: "Ni wannan abin shi na karanta, shi nake ci da shi."

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mai ciwon sukari da hawan jini, yana zaune a kan tabarma yana jan carbi. Ya ce, "To, tunda ɗana ya faɗa, magana ta ƙare. Bayan salla a kai ni."

Bari in faɗi abin da na sani a daren, don kada a yi mini uzurin da ban cancanta ba. Na san Sinopharm ƙwayar cuta ce da aka kashe da sinadari, wannan gaskiya ne. Amma na ji a rediyo ana ambaton wasu sababbin hanyoyi, na ji ana cewa ta AstraZeneca tana da "abin hawa", ta Pfizer kuma saƙo ce ake aikawa. Kalmomin sun shiga kunnena. Na ƙi bin su ne da gangan, saboda dalili biyu. Na farko lalaci, don littafin da na yi karatu da shi bai kai nan ba, kuma ban ga abin da zai sa in koma ɗalibi da furfurata ba. Na biyu ya fi muni: na yanke hukuncin cewa tela da direba da mai sayar da gawayi ba za su iya ɗaukar dogon bayani ba, gara a ba su gajere mai kwantar da hankali. Na kira abin hikima, alhali sunansa raini.

Bayan salla na ɗauki Kawu a bayan babur na kai shi, wasu daga cikin 'yan fada suka biyo mu. Ta AstraZeneca aka samu ranar. Da dare zazzaɓi ya rufe Kawu, da ciwon gaɓoɓi, washegari da yamma ya warware. Na ce masa jiki ne ke aikinsa, wannan ma gaskiya ne. Ina ta hura hanci a unguwa, ina ganin na ceci rayuka.

Ba a daɗe ba Tela ya miƙo mini wayarsa. Hoton wata takarda ne aka turo masa ta WhatsApp, an zagaye wasu layuka da jan alƙalami, an fassara a ƙasa: bairos ɗin biri, ƙwayoyin ƙodar ɗan tayi, halittar da aka sauya wa sinadarin gado. Nan ne Allah ya ba ni damar gyara kayana cikin sauƙi. Da na ce "ba ni in bincika", da an wuce wurin. Ko karantawa ban yi ba na mayar masa da wayar na ce, "Aikin 'yan intanet ne. Yaro ma zai iya haɗa wannan hoton." Aka yi dariya, Tela ya yi shiru ya koma kan ɗinkinsa.

Ashe bai bar maganar ba. Muna da maƙwabciya ma'aikaciyar jinya, ya roƙe ta ta zo masa da ainihin takardar da ke cikin kwalin allurar. Ita kuwa, don ta rufa mini asiri, ba ta kai masa ba, sai ta aiko yaro ya kawo mini gida a ninke, da saƙon cewa in duba kafin in sake fita fada.

An ɗauke wuta daren, ga zafin bazara irin na Yamai wanda ko bango ka taɓa sai ka ji kamar tanda. Na zauna a tsakar gida na warware takardar, doguwa, siririya, rubutun ƙanana kamar tururuwa, na haska da fitilar waya. Ingilishi ne, wanda ba na ji sosai, na ɗan ji sanyi a raina ina cewa wataƙila ba zan gane ba. Sai dai kalmomin kimiyya kusan ɗaya suke da na Faransanci, babu lungun da zan ɓuya. Na ɗora yatsa a kan layin ina bi. Bairos ɗin adeno na birin cimfanzi, wanda aka hana shi hayayyafa, ɗauke da umarnin ƙera furotin ɗin ƙayar korona. An raine shi a cikin ƙwayoyin HEK 293. Wannan kaya yana ɗauke da halittar da aka sauya wa sinadarin gado. Layukan nan uku da Tela ya nuna mini, babu ƙari babu ragi.

Na so a ce abin da ya fara zuwa mini shi ne tunanin Kawu, amma ba haka aka yi ba. Da farko na sake karantawa ina neman wata kalma da zan rataya a kanta in ce ai abin da nake nufi ke nan. Ban samu ba. Sai na ji haushin ma'aikaciyar jinyar, kamar ita ta rubuta takardar. Daga nan na shiga lissafin su wa da wa ke zaune a fada daren da na yi jawabina, ina ƙirga waɗanda wataƙila sun manta. Sai da na gama duk wannan zagayen, gumi yana ɗiga a kan takardar, sannan abin ya sauko mini. Tela ya yi tambaya daidai, na ba shi amsar ƙarya. Ya kawo hujja ta gaskiya, na sa aka yi masa dariya. Mutumin da ko sakandare bai gama ba ya bi hanyar da nake koya wa yara kullum, wato a nemi shaida, ni kuwa mai takardar digiri na bi hanyar boka, wato a yarda da ni don ni ne. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, na sha faɗa wa ɗalibai haka, ban san wuyana aka auna ba.

Washegari na nemi wata tsohuwar ɗalibata da ta karanci likitancin dabbobi a Dakar. Ba ilimi na je nema ba, na je ne ko za ta samo mini hanyar da zan zama mai rabin gaskiya. Na ce mata ai dai aƙalla tsofaffin rigakafi gawa ce. Ta sunkuyar da kai cikin ladabi ta ce, "Mushe, ku yi haƙuri, ko wannan ma ba duka ba." Rigakafin ƙyanda, da na shawara, da ɗigon shan-inna da ake bi gida-gida, duk bairos ne mai rai da aka raunana. Yana shiga ƙwayoyin halitta, ya sauke sinadarin gadonsa, ƙwayar ta karanta ta ƙera furotin ɗinsa, da haka jiki ke koyo. Haka rigakafin annobar awaki da tumaki da ɗakin binciken dabbobi na LABOCEL ke sarrafawa a nan Yamai, daga irin nan da ake kira Nigeria 75/1. Duk ragon da aka yi wa shi kafin a kawo shi kasuwar Turaku, saƙon ya shiga ƙwayoyinsa, mun kuma yi layya da shi mun ci lafiya. Ke nan abin da na rantse ba ya faruwa, yana faruwa a jikin 'ya'yana tun suna jarirai, yana faruwa ma duk lokacin da mura ta kama mutum, don aikin bairos ke nan tun fil azal.

Ta ɗauki takarda ta zana mini abin da ya kamata a ce ni na zana wa 'yan fada. Ta ce a ɗauki ƙwayar halitta kamar gida. Akwai katanga, wato fatar kitse da ta kewaye ta. Akwai tsakar gida, inda ake duk wani aikin ƙira. Akwai turakar maigida a can ciki, inda aka ajiye littafin gado, wato DNA. Shigar da saƙo cikin gidan nan abu ne mai wuya ƙwarai, domin DNA da RNA manya ne, katangar kitse ba ta barin su wuce, jiki kuma cike yake da sinadaran da ke daddatsa su in sun fito tsirara. Shi ya sa masana suka shafe fiye da shekara 50 suna neman hanyar shiga. Kuma a kowace hanya tambaya uku ce: me ya ɗauko saƙon, a ina ya tsaya, har yaushe zai zauna.

Ɗaya daga cikin hanyoyin farko da suka yi tasiri ta fito ne a 1973 a Leiden ta ƙasar Holan, inda Frank Graham da Alex van der Eb suka gano cewa in aka gauraya DNA da gishirin kalsiyam fosfet, sai ya zama ƙura mai laushi da ke sauka a kan ƙwayoyin da ake raino a faranti, su haɗiye ta. Da wannan dabarar Graham ya cusa wani yanki na bairos ɗin adeno cikin ƙwayoyin ƙodar wani ɗan tayi da aka zubar, aka samu HEK 293. Jikokin jikokin waɗannan ƙwayoyin ne ake ta rainonsu a ɗakunan bincike har yau. A cikinsu ake noman bairos ɗin allurar, sannan a tace shi a raba shi da su. Wannan magana ce mai nauyi da Musulmi yake da haƙƙin ya ji ta ya kai wa malamansa, ni kuwa na hana mutane jin ta.

A 1980, a jami'ar Yale ta Amurka, Jon Gordon da Frank Ruddle suka yi amfani da allurar gilashi wadda ta fi gashi siranta suka tsira ƙwan ɓera da aka riga aka barbara, suka zuba DNA kai tsaye cikin turaka. Ta wannan hanyar ake samun dabbar da sauyin ke bin zuriyarta, amma ƙwai ɗaya-ɗaya ake bi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ba abin da za a yi wa mutum a dantse ba ne. A 1982 Eberhard Neumann a Jamus ya nuna cewa in aka ba ƙwayoyi ɗan bugun lantarki na ƙiftawar ido, katangar takan buɗe ƙananan ƙofofi, saƙo ya shige, ta sake rufewa. A 1987 Philip Felgner ya naɗe DNA cikin ƙwallon kitse wanda ke manne wa katanga har ƙwayar ta shigar da shi. Jikar wannan dabarar ce allurar Pfizer da ta Moderna: saƙon RNA a cikin ɗigon kitse mai faɗin kusan nanomita 100. A tsakar gida yake tsayawa, ba ya shiga turaka, a karanta shi a ƙera furotin, cikin kwanaki zuwa 'yan makonni ya ruguje. Rashin ƙwarinsa ne ya sa da farko sai an ajiye ta Pfizer a sanyin digiri 70 ƙasa da sifili. Katalin Karikó da Drew Weissman, waɗanda a 2005 suka gano yadda za a gyara RNA don kada jiki ya yi masa bore, su ne daga baya suka karɓi kyautar Nobel a 2023.

Sai hanyar da aka bi a jikin Kawu, wato a hau bairos. Ana cire masa sashen da yake hayayyafa da shi, a ɗora masa saƙon da ake so. An zaɓi na cimfanzi ne domin yawancin mutane sun taɓa gamuwa da adeno na ɗan Adam, jikinsu zai tare shi tun a ƙofa. Shi wannan yana kai saƙonsa na DNA har cikin turaka, amma ba ya ɗauke da allura da zaren da zai ɗinke shi cikin littafin gado, sai dai ya ajiye a gefe, a karanta na ɗan lokaci, ya shuɗe. Ta Johnson & Johnson da ta iso Nijar daga baya a shekarar, ita ma adeno ce. Rigakafin Ebola da aka gwada a Gini a 2015 ya hau wani bairos ne da asalinsa ke kama shanu da dawaki. Akwai kuma dangin retro da lenti, waɗanda su kam da kayan ɗinkinsu suke tafe, suna dasa saƙon cikin littafin ya zauna muddin ƙwayar na raye. Ba a yin rigakafin korona da su, amma ana maganin wasu cututtukan gado da su.

Da ta kai nan na ce to ai shi ke nan, babu haɗari. Ta ce, "Mushe, kun sake komawa gidan jiya." A watan Satumba na 1999 wani saurayi ɗan shekara 18, Jesse Gelsinger, ya rasu a Amurka kwana huɗu bayan an zuba masa adeno mai yawan gaske a jijiyar hanta cikin wani gwaji, garkuwar jikinsa ta yi bore. A asibitin Necker na Faris an warkar da yaran da aka haifa babu garkuwar jiki ta hanyar bairos ɗin retro, duniya ta yi murna a 2000, amma daga 2002 huɗu daga cikinsu suka kamu da sankarar jini saboda saƙon ya ɗinku kusa da inda bai kamata ba, ɗaya ya rasu. Waɗannan abubuwan ne suka sa aka sake ƙirar ababan hawan aka tsaurara sa ido. Ita kanta AstraZeneca, a watan Afrilu na 2021, daidai lokacin da nake cika baki a fada, hukumar magunguna ta Turai ta tabbatar cewa a wasu mutane ƙalilan ƙwarai tana jawo wani irin daskarewar jini. Ga dattijo mai sukari da hawan jini irin Kawu, haɗarin cutar ya fi na allurar nesa ba kusa ba, kuma da na faɗa masa haka da duk bayanansa, ina kyautata zaton da ya yarda. Shawarar da na ba shi daidai ce. Tubalin da na gina ta a kai ne na toka.

Na koma fada na faɗi komai. Na ba Tela haƙuri a gaban waɗanda suka yi masa dariya, na shimfiɗa takardar a kan teburin yanka na yi bayanin katanga da tsakar gida da turaka. Abin da ya ƙara kashe mini jiki shi ne yadda suka gane nan take. Mai gawayi ya tambaya ko saƙon zai iya bin maniyyi ya kai ga 'ya'ya, direba ya tambaya me ya sa ba a yi wa kowa Sinopharm ba tunda ita gawa ce. Tambayoyin da ko a ajin ƙarshe ban cika samun irinsu ba. Mutanen da na ce ba za su iya ɗaukar dogon bayani ba, su suka riƙe ni har shayi na uku ya huce.

Amma magana zarar bunu ce. Da lokacin allura ta biyu ya yi, Kawu ya ce ba ya zuwa. Ya ce, "Ɗana, ban ce kana da mugun nufi ba. Amma jiya ka ce babu, yau ka ce akwai amma ba komai. Gobe me za ka ce?" Ban da amsa, kuma bai je ba. Allah ya sa korona ba ta yi wa Nijar irin ɓarnar da ta yi wa wasu ƙasashe ba, waɗanda aka ƙirga sun rasu a hukumance 300 ne da 'yan kai, Kawu ya tsallake. Wannan sa'a ce, ba wayona ba. Inda na ga ainihin kuɗin da ƙaryata ta ci shi ne daga baya, da masu ɗigon shan-inna suka shigo layinmu, wani magidanci da ke fada daren nan ya hana a ba 'ya'yansa. Da aka matsa masa sai ya ce ko Mushe da ya yi karatun abin ya yi musu rufa-rufa, balle baƙo mai jaka a kafaɗa. Garin neman gira na taɓa ido. Masu saƙon murya sun yi shekara suna neman hujja ɗaya tak cewa 'yan boko suna ɓoye wani abu, ni na miƙa musu ita kyauta.

Abin da ya sa nake tona kaina a bainar jama'a shi ne maganar ba ta ƙare da korona ba. Kowa a ƙasar Hausa ya san gidan da sikila ta hana barci, kuma a nan Yamai akwai cibiyar ƙasa ta masu wannan ciwo, kullum cike. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, maganin da ake ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin maras lafiya, a buɗe katangarsu da bugun lantarki irin na Neumann, a shigar da almakashin CRISPR ya yanke wani wuri a littafin gado, don jiki ya koma ƙera irin jinin da jariri ke da shi a ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. Akwai kuma Lyfgenia, da ke hawan bairos ɗin lenti. Kuɗin Casgevy dala miliyan 2.2 ne, sama da sefa biliyan 1, don haka ba gobe zai zo mana ba, amma ana ta neman hanyar da za ta sauƙaƙa shi. Shi wannan da gaske yana sauya sinadarin gadon ƙwayoyin jini har abada, kodayake ba ya bin zuriya. Kuma kafin a mayar da ƙwayoyin sai an ba mutum magani mai ƙarfi da ke share ɓargo, wanda da gaske yana iya hana haihuwa. Ranar da irin wannan ya iso, iyaye za su buƙaci wanda zai zaunar da su ya ce ga amfani, ga haɗari, ga abin da ke canzawa, ga abin da ba ya canzawa. Wanda ya saba cewa "babu komai" don a zauna lafiya, ranar ba shi da bakin magana.

Kada mai karatu ya ce wannan matsalar malaman makaranta ce. In kai ne wanda ya fi kowa boko a gidanku, ko kina aikin jinya, ko kana fassara a rediyo, ko kai ne limamin da ake tambaya bayan salla, kujerar da na zauna a kai kake zaune. Za a zo maka da tambaya rabinta shirme rabinta gaskiya, kuma zuciyarka za ta ce ka share duka da tsintsiya ɗaya don kada ka ba masu jita-jita ƙofa. Za ka ji kana da gaskiya, domin ɓangaren da kake karewa shi ne daidai. A nan tarkon yake, don mutum ya fi sakin baki a lokacin da ya tabbata yana gefen alheri. Ka tsaya ka raba tambayar biyu, ka amsa wa mai ita rabin da ya faɗa daidai kafin ka taɓa ɗaya rabin. In maganar shigar da saƙo cikin ƙwayar halitta ce, ta mutum ko ta dabba, ka nemi sanin abin da ya ɗauko shi, da inda yake tsayawa, da tsawon zamansa, ka faɗe su yadda suke ko da ba su da daɗin ji.

Har yau in na kawo wata magana ta kimiyya a fada, Tela yakan ce, ba tare da ya tsayar da kekensa ba, "Mushe, takarda fa?" Wasu suna ganin tsokana ce. Ni na san bashi ne nake biya, kuma yana da gaskiyar tambaya. Gara kai ka fara neman takardar tun kafin ka buɗe baki, don wanda ya yarda da kai ba tare da ita ba, sau ɗaya yake yi.